Mi Wanga Icce Ka Haihwa?

A Matankari, duk abin da mutum ya dasa sai ya amsa tambaya guda. Ba hukuma ke yin ta ba. Maƙwabci ne zai leƙo ta saman danga, ya dubi abin da ke cikin gwangwani, ya dubi mai shi, ya ce: "Mi wanga icce ka haihwa?" In amsar mangwaro ce ko lemu ko gwaba, an rabu lafiya. In kuwa aka ce masa fure kawai yake yi, to magana ta bar gidan ke nan, kafin la'asar ta isa bakin kasuwa.

Ba a ga laifin maƙwabcin ba. Garin yana zaune cikin Dallol Mawri, arewa da Dogon Dutsi, tsohon kwarin da ruwansa ya koma ƙarƙashin rairayi. A fadama ba a yin nisa da haƙa ake cim masa, amma komai kusancinsa sai an jawo shi, ko da guga ko da inji mai shan mai. Damina ba ta wuce Yuni zuwa Satumba, in ta yi kirki. Sauran shekara hunturu ne mai tsaga leɓe, sai bazarar da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. A irin wannan wuri kowane guga yana da magada: mutane, bisashe, albasa, dankali, tumatir. Wanda ya ɗebi ruwa ya zuba wa abin da ba a ci, dole ya kare kansa. Duk da haka masu yi suna yi, kuma kowanensu da irin tasa taɓuwar.

Babbansu Mushe ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a lakwal, ya zauna Doso, ya zauna Yamai, ya yi ritaya ya dawo gida da akwatin littattafai, da rediyo, da wani ɗan reshe cikin baƙar leda wanda ya rungume a cinya tun daga tasha, ya hana yaron mota ɗora shi bisa kaya. Bugambiliya ce, furen nan mai hawa katanga da ake gani a ƙofar ma'aikatu da gidajen manya a Yamai. Wanda ya yi gangancin tambayar sunanta ya shiga aji ba shiri. Za a zaunar da shi a kan tabarma a gaya masa cewa daga Birazil ta fito, cewa a 1767 wani jirgin ruwan Faransa ƙarƙashin Bougainville ya tsaya a Riyo, masanin tsirran da ke cikinsa, Commerson, ya tsince ta ya laƙaba mata sunan shugaban tafiyar, kuma mai taimaka masa, Jeanne Baret, mace ce da ta yi shigar maza don a bar ta ta hau jirgin. Daga nan Mushe zai ɗaga yatsa ya ƙara da cewa jan nan da jahilai ke kira fure ba fure ba ne, ganye ne ya rine, furen gaskiya shi ne ɗan farin nan da ke laɓe a tsakiya. Duk gaskiya ne. Sai dai baƙon aron galma ya zo.

Mushe yana son bugambiliyarsa, shi ya sa yake cutar ta. Ruwa da safe, ruwa da marece, takin awaki duk mako. Ita kuwa ta saki jiki, ta yi ganye kore shar, ta yi ƙaya, ta haye katanga ta leƙa gidan maƙwabci, amma ja ko ɗigo. Uwargida takan tsaya da ƙwarya a hannu ta ce: "Malam, da zogale aka sa wurin nan, da yanzu mun ci kwaɗo har mun ba maƙwabta." Sai ran da takardun fansho suka riƙe Mushe a Yamai, ya bar wa jikansa amanar ban ruwa, jikan kuma ya bar wa Allah ya tafi ƙwallo. Mushe ya sauko daga mota ya tarar da katanga ta yi jawur tun daga nesa. Haka halinta yake: sai ta ji ƙishirwa da rana mai zafi take fure, in ta ƙoshi ganye take yi. Mushe ya gyara tabarau ya shaida wa jama'a cewa dama haka ya tsara. Jikan dai ya sha faɗa a kan ƙwallo.

Wanda ya san aikin da gaske ba ya lacca. Shi ne nake kira wanzamin itace, mai yi wa itace aure. Sau da yawa bai yi lakwal ba. Ya koya ne a garkunan Gaya, ko wurin wani ma'aikacin gandun daji da ya taɓa yi wa yaranta. Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: reza sabuwa cikin naɗin hula, da ledar piya wata da ya yanyanka siri-siri.

Kallon hannunsa ya ishi mutum nishaɗi. Tun bara ya shuka ƙwallon mangwaron gida, mai zaren nan da ke maƙalewa a haƙori, ya rene shi cikin leda har ya kai kaurin ƙaramin yatsa. Mako guda kafin ranar, ya je ga itacen da ake so, Kent ne ko Keitt, irin da asalinsu daga Fulorida ta Amurka ne, ya tsinke ganyen kan wani reshe ya bar shi a jikin uwarsa don idanun su kumbura. Ran aiki yana zuwa da sassafe, kafin rana da iska su tashi. Ya sare kan ɗan mangwaron gida, ya tsaga shi ta tsakiya kimanin gaɓar yatsa da rabi. Ya ɗauki reshen ya fiƙe gindinsa gefe biyu, kowane gefe da jan reza ɗaya tak, ba komawa, ba ya kuma barin yatsa ya taɓa wurin da ya yanka. Ya zura shi cikin tsagar, yana karkata kai yana duba, har ɓawo ya dace da ɓawo ko da ta gefe guda ne. A nan duk asirin yake: ɗanyen koren nan mai danshi da ke kwance tsakanin ɓawo da icce, in na sama bai sadu da na ƙasa ba, ko da igiyar rijiya aka ɗaure aikin banza ne. Sai ya naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama, tam, kada ruwa ya shiga kada iska ta busar, ya kai inuwa. Bayan mako biyu zuwa uku ido ya fashe, ƙananan ganye jajaye masu laushi su leƙo. Aure ya kama. Cikin shekara uku ko huɗu za a ci 'ya'ya irin na uwar reshen sak, alhali wanda ya sha Kent ya shuka ƙwallon zai yi jiran da ya fi haka, kuma ba lalle abin da ya sha ya fito ba.

Aibinsa rowa da ilimi. Daidai lokacin da zai fiƙe reshen ne yake tuna yana jin ƙishirwa, ya aiki mai garka ɗebo ruwa. In an ƙi tashi, sai ya juya baya. Leɓensa yana motsi a hankali, masu kallo su ɗauka wani abu yake tofawa wanda ya gada, alhali lissafin kuɗin aikin yake yi. Ba a taɓa kama shi da laifi ba: in ya kama, hannunsa ne, in ya bushe, ruwan rijiyarka ne ke da kanwa, ko wani mai baki ya wuce.

Mafi yawan lokaci kuwa ba baki ba ne, mai garkar ne da kansa. Akwai mutumin da ba ya iya barin ɗauri ya kwana uku. Da ya sallame asuba sai ya tsuguna gaban ledar, ya kwance kaɗan "don ya ga ko ya fara", ya girgiza reshen ya ji ko ya riƙe, ya mayar ya ɗaure. Gobe ma haka. Ɗanyen naman da ke ƙoƙarin haɗuwa kullum sai an raba shi. Irinsa ne ke zaro reshen da ya dasa ya duba saiwa. In abin ya mutu zai rantse bai taɓa rabuwa da shi ba ko yini ɗaya, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Sai ɗan bidiyo. Wannan saurayi ne mai kaifin kai, malaminsa kuma wayarsa ce. Rabin kuɗinsa yana tafiya wurin mai caji. A Facebook da WhatsApp ya ga wani ya soke reshe cikin ayaba, ya shafa masa wani ganye, ya binne, hoto ya juya, sai ga itace ɗauke da lemu da inabi da kankana gaba ɗaya. Bai tsaya tambayar abin da ya faru lokacin da hoton ya juya ba. Burinsa babba ne, kuma a baki yana da daɗin ji: dogon yaro ba ya neman ban ruwa, ga shi a kowace ƙofa, mangwaro kuma zaƙi, a ɗora wannan bisa wancan, yunwar Arewa ta ƙare. Ya bi dogon yaron unguwa duk ya ɗaɗɗaure da leda. Ya gwada lemu bisa aduwa, gwaba bisa gawo. In aka ce masa itace ba ya karɓar bare, sai dangi na kusa, lemun zaƙi bisa lemun tsami, magarya bisa magarya, yana da amsa a shirye: "To Kawu, kauci fa? Wa ya tambaye shi danginsa?" Tambayar ba ta wawa ba ce. Kauci kam yana zama bisa itace iri-iri ba reza ba leda; tsuntsu ne ke goge bakinsa a reshe ya bar ƙwayar mai danƙo. Amma kauci ba aure ya zo yi ba, tsotso ya zo, shi ya sa mai garka ke sare shi in ya gani. Abin da ya ƙara ɗaure wa yaron gindi shi ne labarin da ya samu cewa tumatir yana kamawa bisa dankalin turawa, don 'yan gida ɗaya ne, har a 2013 wani kamfani a Ingila ya sayar da irin wannan shuka, tumatir a sama dankali a ƙasa. Wannan kam gaskiya ne. Wanda ya gaya masa dai bai kyauta wa kwamin dankalin babansa ba, irin da aka sayo da tsada.

Ɗan taro shi ba ya gwada komai. Shi halarta yake yi. Duk furojen da ya taɓa tsayar da mota a Dogon Dutsi ko Tibiri ya san fuskarsa, don kafin a gama sauke kujeru ya zauna a ta gaba. Yana da hulunan hana sallah masu tambari kala-kala, da riguna, da littattafan rubutu waɗanda shafin farko kaɗai aka taɓa, da takardun shaida cikin jakar leda. Tambayarsa ta farko ga kowane mai horo ita ce ko akwai kuɗin zama. A bakinsa za ka fi jin labarin magarya mai aure, kuma yana ba da shi daidai: cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa ta a shekarun 2000 ƙarƙashin wani masani ɗan Isra'ila, Dov Pasternak, irin Indiya ne, Gola ta fi suna cikinsu, ake ɗorawa bisa magaryar dajinmu mai jure fari, 'ya'yan sun ninka na daji girma sau da yawa, ana cin su ɗanye suna ƙaras-ƙaras, har aka sa musu suna Pomme du Sahel, tuffar Sahel. Ya san cewa ana yi mata aski sosai da bazara don ta fito da sababbin rassa, ya san tsutsar ƙuda na shiga 'ya'yan in aka bar su suka nuna a sama. Ya san, fiye da kowa, cewa duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin na magaryar daji ne, a fizge shi tun yana ƙarami, in ba haka ba ya fi ƙarfin reshen da aka ɗora ya kashe shi. Wannan darasi an yi masa shi a taro fiye da ɗaya, ya kuma tafa.

Je ka gonarsa ka ga wadda aka ba shi. Toho ya fito ta ƙasa ya yi kurmi, reshen Gola ya ƙanƙance a tsakiya ya bushe, itacen ya koma magaryar kakanninsa, yara na tsintar ƙanana suna tsotsa. Shi kuwa ya yanke hukunci: furojen jabu ya kawo, kuma zai faɗa musu haka a taro na gaba. Yana da ƙane, mai dashen 3 ga Agusta. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, ranar ta zama ta dashen itace a Nijar, kuma itatuwa da yawa da ake shan inuwarsu yau albarkacinta ne. Amma shi wannan nasa dashen na hoto ne: farar riga, ya ɗan duƙa, ya zuba ruwa daga buta, a ɗauka. Ramin bara shi ne na bana. Ya ce ya fi sauƙin haƙa.

Ɗan bida yana dawowa gab da damina, daga Kwatano ko Abijan, da baƙin tabarau da akwatin kiɗa da wani ɗan kasko da bai yarda kowa ya riƙe masa ba. A ciki akwai wani kore mai kusurwa uku, tsawon yatsa, an ɗora masa jan dunƙule a ka. Kaktus ne, in ji shi, irin wanda manyan mutane ke ajiyewa bisa tebur, kuma kuɗin da ya saye shi yana ƙaruwa duk lokacin da ya ba da labarin. Abin da bai sani ba, shi ma mai aure ne: tsiro biyu ne aka haɗa. Jan na sama ba shi da koren da tsiro ke dafa abincinsa da shi, ba ya iya rayuwa shi kaɗai, sai a kan na ƙasa. A Japan aka fara fitar da irinsa, Koriya ta Kudu ce ta shahara da sayar wa duniya shi. Uwarsa ba ta da wannan labari. Ita abin da ta gani shi ne ɗanta ya tafi lafiya ya dawo yana gaida wani jan abu mai ƙaya kowace safiya. Ranar farko ta kife masa ƙwarya. Rana ta biyu tsofaffin unguwa suka zo dubawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tsaya daga nesa ta yi salati. A ƙasar nan ba a raina abin da ba a san kansa ba, kuma ba a rasa wanda zai ce a kai wa masu sani su gani.

Ba asiri ya kashe kaktus ɗin ba, kirki ne. Ruwa sau uku a yini, da ragowar shayi don ya ji daɗi. Wata safiya gindin ya yi laushi ya yi baƙi, jan kan ya faɗo gefe. Abin da yake so rairayi ne mai tsiyaye ruwa, da a manta da shi har ƙasar ta bushe ƙarau. Ko yanki aka ɓalle don a dasa, sai an ajiye shi a inuwa kamar mako guda bakin ciwon ya bushe tukuna. Kakarsa ta faɗa masa tun farko: "Jikana, wanga ai ƙanen aguwa ne, bar shi da ƙishirwa tai." Ta san abin da take faɗa. Aguwar da ta shinge gonaki da burtali a ƙasar nan, da bazara ake sare ta a soka cikin busasshen rairayi, ba mai waiwayarta, kuma ta kama. Mushe, da labari ya kai masa, ya taka har gidan don ya gyara maganar: aguwa da ƙerana da tinya ba kaktus ba ne, dangi daban ne masu farin nono, wanda in ya shiga ido ba a kwana lafiya, kaktus kuwa asalinsa nahiyar Amurka. Tsohuwa ta saurare shi har ya gama, ta ce: "To Malam, da aka san sunan nasa, ya tashi?"

Ɗan bida bai daddara ba. Bara waccan ya kawo mai faifai-faifai, wanda ake ɓalle faifai guda a kwantar a ƙasa ya yi saiwa. Wannan aƙalla yana 'ya'ya, jajaye, ana kuma ci, don haka maƙwabta suka sassauta. Sai dai jikin 'ya'yan akwai wasu ƙayoyi siri-siri da ido ba ya gani, masu shiga fata su ƙi fita. Yaran unguwa sun yi sata sau ɗaya, aka gane ɓarayin da marece ba tare da bincike ba, kowa harshe a waje. Mushe ya sake zuwa da gargaɗi: irin wannan ya taɓa cinye Ostareliya, a shekarun 1920 ya rufe wajen hekta miliyan 24, manoma suka bar gonakinsu, sai da aka kawo wani ƙwaro daga Ajantina aka sake shi a 1926 tsutsarsa ta cinye shi. Wani dattijo ya ce lalle mutanen can ba su da awaki.

Akwai biyu da Allah ya halitta don juna: maroƙin reshe da marowacin reshe. Na farko ba ya sayen komai. Yana shigowa da doguwar gaisuwa, ya yaba garka, ya yaba mai garka, ya yaba mahaifin mai garka, hannunsa kuma tuni yana kan itacen. "Alhaji, ɗan wannan kaɗai, wanda dama zai faɗi." In an hana shi, ya fita da hannun riga ya yi nauyi. Gidansa cike da gwangwanayen tumatir da na madara, kowane da busasshen tsinke a tsaye, don yakan bar reshen cikin aljihu ya biya kasuwa da wurin suna kafin ya tuna. Na biyu kuwa ba ya cewa a'a, ya fi ƙarfin wannan. Da fara'a zai ɗauko wuƙa ya ce: "Haba ƙanena, ai naka ne." Sai ya duƙa ya yanko daga tohon ƙasan ɗauri. Maroƙi ya tafi yana godiya, ya biya wanzami, ya yi ban ruwa shekara huɗu, ya ɗora mangwaro mai zare bisa mangwaro mai zare. Suna haɗuwa a masallaci kullum, ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

Inna ba ta cikin wannan lissafi, in ka tambaye ta. Ita ba ta da garka, ba ta da reza, ba a taɓa kiran ta taro ba. Amma zagaya bayan ɗakinta, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Lalle ya yi shinge. Zogale ya fi ɗaki tsawo. Soso da garahuni sun haye zana suna ta zuba fure rawaya, yaɗiya ta naɗe dangar. Cikin fasasshiyar tukunya ga kariya, gajeruwa mai ƙaton gindi, wadda ke zubar da ganye da rani sannan ta fito da fure ja-ja a kan rassa tsirara, lokacin da komai na garin ya yi launin ƙasa. Ruwan alwala take ba su, da na wankin hatsi, ba ta taɓa jawo guga domin su ba. Komai ta soka sai ya kama, kuma ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba. Ita kaɗai na ji ta sallami mai tambaya da kalma uku. Ya nuna kariyar ya ce wannan fa, ana ci? Ta ce: "Ido ka ci." Sannan ta kora jikokinta daga wurin, don ta san nonon kariya dafi ne.

Mai magani shi tasa tambayar daban ce. Bai yarda akwai tsiron da aka halitta don kallo ba. In ba a san maganin da yake yi ba, to ba a bincika ba ne. Yakan tsaya gaban bugambiliyar Mushe ya daɗe, ya murza ganye ya sansana, ya gyaɗa kai. Bayan kwana biyu a tarar an ɗaye ɓawon gindin ta gefen gabas. Da kauci da tsiron ɗan bida da reshen da wanzami ya yar, duk suna da wuri a burgamensa, kuma baƙon tsiro ya fi tsada.

Dukansu kuwa, mai ilimi da mai waya da mai hula, abokin gabarsu ɗaya ne, yana da ƙafa huɗu. Akuyar Matankari ta san aikin garka fiye da ɗan taro. Za ta ratsa ta gaban harawa, ta wuce ciyawa, ta tsallake ledoji ashirin da ba su kama ba, ta je kai tsaye ga guda ɗayan da ya fito da jajayen ganye jiya, ta cire shi da cizo ɗaya, ta tsaya tana taunawa tana kallon mai shi. An yi shingen ƙaya, an yi na waya, an kewaye da tubali, an rataya tsohuwar taya. Ita dai jira take a bar ƙofa a buɗe lokacin sallar azahar. Mai ita kuma ba ya rasa natsuwa. "Dabba ce, Malam, ba ta da hankali." In an matsa, ya ce ba tasa ba ce, ta matarsa ce, matar kuma ta ce ta riga ta ba ɗiyarta.

Mai akuya dai ana iya kai shi gaban mai gari. Wanda ba a iya yi wa komai shi ne Bafillace, in shanunsa suka biyo dallol bayan girbi suka tura danga. Tsakanin Arawa da Fulani akwai taubasantaka, irin wasan da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, kuma taubashi ba a yi masa fushi a gaban mutane, ko an yi dariya za a yi wa mai fushin. Mai garka zai fito yana huci, rawani a hannu. Bafillace na jingine da sanda, ƙafa ɗaya bisa gwiwa, ya bar shi ya gama. Sannan ya nuna kashin da shanun suka bari cikin kwami ya ce wannan taki kyauta ne, ba sai an gode ba. Ya miƙo ƙwaryar nono. Har ya juya zai tafi sai ya waiwayo: "Kai Ba'are, wancan mai jan fure da ke bisa katanga, baɗi ka ƙara yawansa. Farar saniyar nan ta ce ya fi mangwaron daɗi."